Zanen Aro a Fagen Free Fire

Akwai tambaya guda da ta fi kowace yawo a bakin samarin da ke wasan Free Fire a birnin Sakkwato, daga dakalan Mabera zuwa rumfunan cajin waya na Runjin Sambo, har ɗakunan kwanan ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: wane jarumi ne ya fi ƙarfi a wannan zangon? Ina da ja a kan wannan tambaya. A ganina ita ce ta daure da yawa daga cikinsu a matsayi ɗaya wata da watanni, ita ce ta cinye musu kuɗi, ita ce kuma ta sa abokan da suka tashi a lungu ɗaya suka daina shiga fage tare. Wanda ya yi ta ba zai rasa mai amsa masa ba, domin akwai mutane a Brazil da Indiya da Indunusiya waɗanda tuwonsu daga amsa ta yake fitowa. Sai dai sun ɗinka amsar ne daidai jikinsu, mu kuma muka karɓa muka yafa, muka manta cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Na san akwai dattawan da za su ce tun farko me ya kai yaro wasan harbe-harbe a waya. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma ba ta rasa masu yinta ba a masallatai da majalisu. Ni da masu wasan nake. Tun da an riga an faɗa ruwa, maganar iyo ita ce mai amfani.

Ga mai karatun da bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Kamfanin Garena na ƙasar Singafo ne ya fitar da shi a 2017, kuma abin da ya sa ya karɓu a wurinmu shi ne yana tafiya a kan ƙaramar waya wadda manyan wasanni ke gagara. Iri biyu ne suka fi shahara a cikinsa. A na farko ana zubo mutum hamsin daga jirgin sama a kan tsibiri, yawanci huɗu-huɗu, da'irar tsira tana ta tsukewa har a bar rukuni ɗaya a tsaye. A na biyu, wanda ake kira Clash Squad, huɗu ne ke karawa da huɗu, rukunin da ya riga cin zagaye huɗu shi ke da nasara. Kowanne yana da tsanin matsayi: Tagulla, Azurfa, Zinariya, Filatinam, Lu'ulu'u, sannan Heroic, har can ƙololuwa inda ake kira Grandmaster. Bayan kamar wata biyu zango ya ƙare, a sauko da kowa, a sake hawa.

Kafin a shiga fage, kowa zai zaɓi siffar mutumin da zai yi yaƙi da ita. Samari na ce mata karakta, ni kuwa zan ce jarumi. Kowane jarumi da baiwarsa: wani gudu, wani warkarwa, wani garkuwa, wani gano maɓoyar abokin gaba. Ana kuma ba ɗan wasa gurabe uku ya ɗauko baiwar wasu jarumai ya haɗa da ta nasa, bisa sharaɗin cewa guda ɗaya tak ce za ta zama babba, irin wadda ake tayarwa da yatsa. Sauran ukun masu aiki da kansu ne. Ke nan mutum huɗu na shiga fage da baiwa goma sha shida, huɗu daga ciki manya. A riƙe wannan lissafi, don a kansa yawancin maganata za ta tsaya.

Amsar tambayar da na ambata tana zuwa ne cikin abin da zan kira jadawalin fifiko, inda ake jera jarumai daga na sama zuwa na ƙasa kamar sakamakon jarrabawa. Da an yi wa wasan sabuntawa, kafin gari ya waye jadawalai sun cika YouTube da TikTok, washegari kuma sun iso Gawon Nama da Arkilla ta WhatsApp, ana karanta su tamkar hukuncin alƙali. Ba a cika tambayar wane ne ya rubuta ba, balle a kan wace waya ya gwada. Mai yin bidiyon da yawan masu kallo yake samun kuɗi. Hoton mutum ɗaya ya afka cikin huɗu ya kashe su duka yana jan ido. Hoton wanda ya tsugunna bayan bango yana tashin abokinsa ba ya jan kowa. Don haka jarumin da ke sama a jadawali sau da yawa shi ne wanda ya fi kyau a kallo. Karawa goma da aka ci mai bidiyon a cikinsu kuwa ya yanke su ya zubar, ya nuna maka ta goma sha ɗaya.

Su kuma ƙwararrun da ake kafa hujja da zaɓinsu, a dubi inda suke wasa. A gasar duniya da aka yi a Singafo cikin watan Mayun 2021, wadda ƙungiyar Phoenix Force ta Tailan ta lashe, mutum fiye da miliyan biyar ne suka kalla a lokaci ɗaya. Waɗanda ke kan dandamalin suna zaune ne a zaure ɗaya mai sanyi, wayoyinsu masu ƙarfi, intanet ɗinsu ba ya tangal-tangal, kuma kowane huɗu sun shafe watanni suna atisaye tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Zaɓin da ya yi musu daidai, an yi shi ne a kan waɗannan sharuɗɗa. Wanne daga ciki yaron Tudun Wada ya cika?

Mu fara da nisa. Duk taɓawar da ka yi wa fuskar waya saƙo ne da zai bar hannunka, ya hau turken sabis na unguwarku, ya bi layuka har ya isa uwar na'urar da ke yanke hukuncin wasan, sannan amsa ta dawo maka. Wannan na'ura ba a Sakkwato take ba. Mafi yawan manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Nijeriya da duniya a Legas suka sauka, tsakaninmu da Legas kuwa akwai tafiyar kilomita fiye da dubu ɗaya a mota. Wanda ya manta da haka, ranar 14 ga Maris 2024 ta tuna masa, sa'ad da wasu daga cikin wayoyin nan suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi ta ɗingishi a Afirka ta Yamma kwana da kwanaki. Tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo shi ne 'yar lambar nan da ke lungun fuskar waya, wadda samari ke kira fing, ana kuwa auna ta da kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mutum mai lafiya yakan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Da yamma, lokacin da kowa ya hau layi, na sha ganin lambar ta haura 150 a wayoyin unguwarmu, wani lokaci ta yi ja ta tsallake 200. Wato a kan jinkirin da Allah ya halicce ka da shi, hanya ta ƙara maka fiye da rabinsa. A arangamar da ba ta wuce daƙiƙa biyu ba, wannan ya isa a binne ka.

To, yanzu a ɗora jadawalin a kan wannan lamba. Jarumi irin Tatsuya, wanda baiwarsa ita ce zabura gaba kamar walƙiya, amfaninsa gaba ɗaya yana rataye ne a kan dacewa da ƙiftawar ido ɗaya. Ka taɓa da wuri ka faɗa bakin bindiga, ka makara ka zabura bayan an riga an kayar da kai a littafin uwar na'ura, ko da wayarka ba ta nuna maka ba tukuna. Haka Wukong mai rikiɗa ya zama ɗan kurmi, haka duk wata garkuwa da ake buɗewa daidai lokacin da harsashi ya taso. Duk ɗan wasan Sakkwato ya san wannan takaici: ya shige bayan bango da idonsa, sai ga shi kwance. Yakan ce, “Sabis na yac cuce ni.” Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ya san halin sabis ɗin tun kafin ya shiga, shi ne kuma ya zaɓi jarumin da ba ya yafe jinkiri.

Akwai jarumai masu yafiya. Alok, wanda aka gina a kan wani makaɗin zamani ɗan Brazil mai wannan suna aka shigo da shi a 2019, yana buɗe da'ira ce a kewayensa wadda ke ƙara wa 'yan rukuni sauri tana mayar musu da lafiya har tsawon daƙiƙoƙi. Ko ka makara da rubu'in daƙiƙa, mafi yawan alherin yana nan. Dimitri yana shimfiɗa wurin jinya inda wanda aka kayar zai iya tashi da kansa. Moco ba ta ma bukatar a taɓa komai: duk wanda ka harba ta sa masa alama, abokanka su ga inda ya nufa. Maxim yana gaggauta shan magani. Ford, wanda ban taɓa jin wani ya yi alfahari da shi a majalisa ba, a da yakan rage cutarwar da ake samu a wajen da'irar tsira, kuma duk wanda wayarsa ta taɓa daskarewa yana tsakiyar gudu zuwa da'ira ya san darajar wannan. Kamfanin yakan taɓa lambobin waɗannan baiwa lokaci zuwa lokaci, amma bambancin da nake nunawa ba ya gushewa: akwai baiwar da ke neman hannunka da hanyarka su zama cikakku, akwai wadda ke aiki ko da sun gaza.

Sai zafi, wanda babu jadawalin da ya taɓa sa shi a lissafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi a Sakkwato yakan wuce 40 da rana ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Waya kuwa idan ta yi zafi, ƙwaƙwalwarta takan rage gudu da kanta don kada ta lalace, hoto ya fara tsalle-tsalle, abin da ya kamata ka gani a hankali sai ka gan shi gutsure-gutsure. Ƙara da gumin yatsa a kan gilashi, ƙara da wanda ke wasa waya na jone da caji saboda bai san lokacin da za a sake kawo wuta ba, abin da ke ninka zafin. Wayar da ta yi karawar farko lafiya, a ta uku ta zama garwashi. Na ga masu ɗora ta a kan jiƙaƙƙen tsumma, na ga masu jingina ta da randa tsakanin karawa da karawa, kuma ban yi musu dariya ba, don sun fi mai jadawali fahimtar fagen da suke ciki. Da za a tambaye ni, hunturu shi ne daminar mai hawan matsayi a garin nan, bazara kuwa lokacin riƙe abin da aka tara ne.

Bari in zo kan kuɗi, domin a nan ne wasa ke daina zama wasa. A watan Disambar 2020 aka shigo da jarumi mai suna Chrono, wanda aka yi shi da siffar Cristiano Ronaldo, lokacin yana Juventus. Baiwarsa ita ce ya buɗe wata ƙubba ta kariya wadda harsashin waje ba ya shiga, amma shi da abokansa suna harbi daga ciki. Kowa ya ga ba a yi adalci ba, kowa kuma ya so ya mallake shi. Jadawalai duka suka ɗora shi a sama. Wanda ke da lu'ulu'un wasan, wato kuɗin ciki da ake saye da kuɗin gaske, ya same shi. Wanda ba shi da shi ya shiga neman hanya. Cikin 2021 kamfanin ya fara dakushe shi, ya tsawaita lokacin jira kafin a sake buɗe ƙubbar ninkin-ba-ninkin, kafin shekarar ta ƙare kuma aka hana harbi daga cikinta gaba ɗaya. Abin da ya sa aka yi rububinsa ya tafi, kuɗin da aka kashe bai dawo ba.

Ba na kiran wannan zamba, domin duk wasan gasa sai an riƙa daidaita shi, in ba haka ba ya mutu. Amma wajibi ne ɗan wasa ya gane cewa wasan da ake saukewa kyauta daga abin da ake sayarwa a cikinsa yake rayuwa, kuma sabon kaya ba ya tafiya sai yana da abin da tsoho ba shi da shi. Wanda ya gina hawansa a kan jarumin da ke tashe ya yi gini ne a filin da mai shi ke iya tashinsa da sanarwa ɗaya. Kuɗin ginin kuwa ƙara nauyi yake yi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Cire tallafin fetur ya taɓa har mai rumfar caji da ɗan janaretonsa. Yaron da ke koyon ɗinki a Tsohuwar Kasuwa, ko mai tura ruwa, ko ɗalibin da aka ba kuɗin littafi, idan ya juya guminsa ya zama lu'ulu'u don wani a wata nahiya ya ce wannan ne na ɗaya, ina da damar in ce masa an yi masa sakiyar da ba ruwa.

Duk da haka, nisa da zafi da tsada ba su ne babbar cutar ba. Babbar cutar tana cikin zuciya: kowa so yake ya zama mai kisa. Ka dubi rukuni huɗu da suka haɗu a ɗakin jira, sau da yawa za ka tarar manyan baiwarsu huɗu duk ta kutsawa ce ko ta kare kai. Babu mai warkarwa, babu mai gano maɓoya, babu mai rushe bangon da abokan gaba ke kafawa, aikin da jarumi irin Skyler ya ƙware a kai. Gurabe goma sha shida, an cika su da abu ɗaya sau huɗu. Ka ce wani ya canza, sai ka ji, “Ni ba ni ɗaukar mai magani, in ana son bara a nemo wani.” Daga nan su huɗun su dira a Peak ko Clock Tower, inda kowa ke dira, minti biyu ba ta cika ba an kwashe su, maki ya zube, a koma zargin juna a murya.

A wasan Mobile Legends na kamfanin Moonton, wanda shi ma yana da masoyansa a nan, cutar ta fi fitowa fili, don biyar ne ke karawa da biyar kuma ayyukan a rabe suke ƙarara: mai tare duka, mai sihiri, maharbi, mai kisan sari-ka-noƙe, mai tallafi. Za ka ga uku suna rigima a kan maharbi, ɗaya ya ɗauki Fanny, wadda ko a hannun gwani ba ta lilo daidai sai fing ya yi ƙasa, Tigreal da Estes kuwa suna nan a ajiye ba mai kallonsu. An ci su tun kafin a buga gangar farawa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan jahilci baƙo ne a wurinmu. Duk wanda ya yi langa a dandali da farin wata ya san cewa rukuni yana da ruwa guda, sauran kuwa dawaki ne. Aikin doki ya tare, ya bangaje, ya faɗi in ta kama, don ruwa ya kai ya sha. Ba a taɓa jin yara shida sun ce dukansu ruwa ne ba, kuma ba a taɓa raina ƙaton da ya tsaya doki ba. Hasali ma shi ake fara zaɓa idan ana rabon 'yan wasa. Yaran da suka gaji wannan hikima su ne yau ke jin kunyar ɗaukar Dimitri. Na fahimci inda kunyar ta fito. Allon ƙarshen karawa yawan kisa yake nunawa da manyan lambobi, mai tallafi kuwa sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma a Clash Squad tauraron matsayi na rukunin da ya ci ne, wanda aka ci kuwa ya rasa, komai yawan kawunan da ya tara. A wasan tsibiri ma, daɗewa a raye yana da nasa kaso mai tsoka a maki. Wanda ya kashe takwas aka ci rukuninsa ya samu hoton da zai ɗora a WhatsApp, wanda ya tashi abokansa sau uku suka ci ya samu matsayi. Kowa sai ya faɗa wa kansa gaskiyar wanne ya fito nema.

Tarihin ƙasar nan ma yana da abin cewa, ko da yake ina neman afuwa kafin in ajiye babban al'amari kusa da ƙarami. A Tabkin Kwatto, kusa da Gudu, cikin watan Yunin 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da barade masu lifidi, waɗanda su ne makami mafi tsada kuma mafi ban tsoro a ƙasar Hausa ta wancan zamani. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, mafi yawansu dakaru ne masu kwari da baka. Da a ce akwai mai rubuta jadawalin fifiko a lokacin, da ya sa lifidi a sama ya sa baka a ƙasa, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Amma maharban suka dunƙule suka riƙe wurinsu, suka yi yaƙi da abin da hannunsu ya saba da shi, rana ta zama tasu. Darasin dabara kaɗai nake ɗauka a nan: ƙarfin makami a kan takarda daban, ƙarfinsa a hannun wane, a wane fili, kusa da su wa, shi ma daban.

Za a ce mini, ai jarumi mai ƙarfi yana da ƙarfi ko an ƙi ko an so, kuma lambobi ba sa ƙarya. Na yarda. A can sama, tsakanin gwanayen da ba sa kuskure sai kaɗan, ɗan fifikon da jarumi ke bayarwa yana iya raba gardama. Amma wanda ke fama tsakanin Zinariya da Lu'ulu'u ba da wannan ake cinsa ba. Ana cinsa ne don ya ruga shi kaɗai, don bai kafa bango a kan lokaci ba, don ya tsaya kwasar ganima a fili, don bai saurari wanda ya ce masa ga su nan ta hagu ba. Ramin da ke cikin wasansa ya fi tazarar da ke tsakanin jarumi na ɗaya da na goma faɗi nesa ba kusa ba. Wanda kuma ke canza jarumi duk sabuntawa ba ya daɗewa da ko ɗaya har hannunsa ya san shi, kullum ɗan koyo ne a kan sabon doki.

Za a kuma ce, idan da baƙi kake wasa, waɗanda ba ka san su ba kuma ba ku jin harshen juna, tallafa musu asara ce, gara ka ɗauki mai kisa ka ɗauki nauyin kanka. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke gabana, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Sai dai ko a cikin baƙi, alamar da Moco ke sawa ba ta bukatar tafinta, da'irar Alok ma haka. Sannan me ya kai ɗan Sakkwato neman matsayi da baƙi? Abu ɗaya da muka fi yaran manyan biranen duniya da shi shi ne ba a ɗaki muke kulle kanmu ba. Huɗu na zaune a tabarma ɗaya bayan sallar isha'i, gwiwa na gugar gwiwa. Maganar da za su yi wa juna ba ta bin turke, ba ta zuwa Legas, jinkirinta sifili ne. Kowa na iya leƙa wayar ɗan'uwansa. Ƙungiyoyin ƙwararru kuɗi suke kashewa su kama gida don 'yan wasansu su zauna haka, mu kuwa mun same shi a banza, sai muka tashi kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana kwaikwayon wani mai bidiyo da ke wasa shi kaɗai.

Akwai kuma mai cewa wasa ne, a bar shi ya ɗauki abin da ransa ke so. Wannan ba ni da faɗa da shi muddin ya tsaya a fagen da ba a lissafa matsayi, wanda wasan ya tanada don haka. Da ya shiga na matsayi kuwa, ya ɗauki amanar mutum uku. Kowannensu ya sayi data, ya biya caji, ya ware lokacinsa, kuma tauraron da aka rasa sai an ci wata karawar kafin a dawo inda ake. Wanda ya ga rukuni ba shi da mai warkarwa, yana da shi a ajiye, ya ƙi ɗauka don girman kai, ya ci haƙƙin mutane, ko da haƙƙin ƙarami ne.

Masu sayen asusun da wani ya riga ya kai Heroic, ko masu biyan gwani ya hau musu, ba su cancanci dogon bayani ba. Tsanin matsayi ma'auni ne, jikan tsarin da Arpad Elo, malamin kimiyya ɗan asalin Hangari, ya ƙirƙira don darar Turawa, wanda hukumar wasan ta duniya ta karɓa a 1970. Aikinsa ya haɗa ka da tsararka. Ka hau da ƙafar wani, zai haɗa ka da tsaran wancan, su yi ta dukanka har ka gangaro inda kake, in ma mai sayar da asusun bai karɓe abinsa ba bayan ya ci kuɗinka.

Abin da nake kira gare shi ba shi da wuya. Kafin a duba jarumi a duba lambar da ke lungun waya, a taɓa bayan wayar a ji zafinta, domin su ne za su faɗi irin baiwar da hannu zai iya ɗauka a daren. Kowa ya riƙe jarumai biyu ko uku da ya sani ciki da waje, aƙalla ɗaya daga ciki na tallafi. A ɗakin jira a yi magana kafin a danna, wanda ya zo ƙarshe ya cike gurbin da ya rage ba tare da an roƙe shi ba. Idan sabuntawa ta zo, a karanta sanarwar da kamfanin ke fitarwa da kansa a kan abin da ya ƙara da abin da ya rage, a gwada a wayar da za a yi yaƙin da ita, kafin a saurari mai bidiyo.

Da ni ke tsara huɗun da za su hau a daren Afrilu a Mabera, da mai tsohuwar wayar nan da ke daskarewa na ba shi Dimitri, ya tsaya tsakiya inda kowa zai iya rarrafowa wurinsa. Mai sanyin rai, wanda ba ya rikicewa idan harbi ya kaure, ya ɗauki Alok, ya sa Moco a gurbinsa, bakinsa kuma kada ya yi shiru. Na uku ya riƙe Skyler don bango. Na huɗun, mai sabuwar waya da kusurwar da sabis ke kamawa, a bar masa Tatsuya ɗinsa, bisa sharaɗi biyu: ba zai zabura ba sai an ce masa ga inda suke, kuma duk zagayen da ya faɗi shi kaɗai a bayan abokan gaba, a na gaba shi zai tsaya baya yana tashin waɗanda aka kayar.